Sa Ido Kan Sankarar Mama Bayan Tiyata da Sake Gina Mama

Gabatarwa

Kwanakin baya na kai ziyara wata makarantar sakandare ta 'yan mata a yankin Kankiya, domin tattaunawa da ɗalibai kan yadda ƙwayoyin halitta ke rarrabuwa. Bayan an tashi, wata ɗaliba 'yar wani ƙauye na ƙasar Kusada ta tsaya daga gefe, ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ina da tambaya. An yi wa innata tiyata an cire mata mama saboda sankara, daga baya likitoci suka sake gina mata wani da naman cikinta. Yanzu ta warware sarai, amma takardar asibiti ta ce ta riƙa komawa ana dubawa. A gida kuwa ana cewa tunda an cire abin, zuwa asibiti ɓarnar kuɗin mota ne kawai. Wane ne ke da gaskiya?" Na ce mata, "'Yata, takardar ce ke da gaskiya, kuma in Allah ya yarda zan rubuto muku dalili dalla-dalla." Wannan darasi shi ne cikon alkawarin.

Tambayar ta shafi gidaje masu yawa. Ƙididdigar Hukumar Binciken Sankara ta Duniya ta shekarar 2022 ta nuna mata kimanin miliyan 2.3 ne suka kamu da sankarar mama a duniya a wannan shekara, kimanin 670,000 kuma suka rasu. A Nijeriya an ƙiyasta sababbin kamuwa sama da 32,000, da mace-mace sama da 16,000. Ita ce sankarar da ta fi kowace yawa a tsakanin matan ƙasar nan.

Me ya sa ake ci gaba da dubawa?

A cikin mama akwai ƙananan jakunkuna masu samar da ruwan nono, da siraran bututu masu kai shi zuwa kan mama, sa'an nan da kitse wanda ya lulluɓe su. Mafi yawan sankarar mama tana farawa ne daga ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin bututun nan. Idan umarnin da ke cikin ƙwayar ya gurɓace, sai ta yi ta rarrabuwa babu ƙaƙƙautawa har ta zama ƙari. Daga nan wasu ƙwayoyin kan ɓalle su bi magudanar ruwan jiki zuwa kaluluwar hammata, ko su bi jini zuwa ƙashi, ko huhu, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa.

Duk manomin gero da dawa a ƙasar Kankiya ya san wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Ko da ya tuge ta bana ya ƙone, ba ya sakankancewa, domin irinta ƙanana ne ƙwarai, kuma suna iya kwanciya a cikin ƙasa fiye da shekara goma suna jiran damar tsirowa. Haka sha'anin sankara yake. Likitan tiyata yana cire abin da ido da hannu da na'ura suka gano, maganin kemo da gashi suna kashe mafi yawan abin da ya saura, amma wasu 'yan ƙwayoyi kan yi likimo. Wasu nau'o'in sun fi dawowa a cikin shekaru biyar na farko. Nau'in da ke rayuwa da sinadarin mata na estirojin kuwa, wani babban bincike da aka buga a 2017 ya nuna yana iya dawowa har bayan shekara ashirin.

Saboda haka abubuwa uku ake fako: dawowar cutar a wurin da aka yi aiki, fitowar sabuwa a ɗaya maman, da matsalolin da shi kansa ginin kan haifar.

Yadda ake sake gina mama

A ƙarshen ƙarni na 19 wani likita Ba'amurke, William Halsted, ya yaɗa salon tiyatar da ake cire mama gaba ɗaya haɗe da tsokar ƙirji da kaluluwar hammata. Daga baya bincike ya tabbatar cewa ba kullum ake buƙatar wannan babban aiki ba, sai hankali ya koma ga yadda za a mayar wa mace da surarta. Hanyoyi biyu ne manya.

Ta farko ita ce dasa jaka mai ɗauke da silikon ko ruwan gishiri a gaban tsokar ƙirji ko a bayanta. Likitoci biyu, Cronin da Gerow, su ne suka fara dasa jakar silikon a birnin Houston na Amurka a 1962. Ta biyu ita ce amfani da naman jikin mai jinyar. Tun a 1906 likitan Italiya Tansini ya bayyana yadda ake juyo da fata da tsokar gadon baya zuwa ƙirji. A 1982 Hartrampf ya fito da hanyar ɗauko fata da kitsen mara tare da tsokar ciki, daga baya kuma aka ƙware wajen ɗauko fata da kitse kaɗai, a ɗinke ƙananan jijiyoyin jininsu da na ƙirji a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Irin aikin da aka yi wa innar ɗalibarmu ke nan.

Abin lura a nan shi ne, maman da aka gina yana kama da na asali a ido, amma babu jakunkuna da bututun nono a cikinsa. Bincike bai nuna cewa ginin yana ƙara haɗarin dawowar sankara ba. Sai dai babu likitan da zai iya kankare naman mama ɗari bisa ɗari, domin kullum akan bar ɗan kaɗan a ƙarƙashin fata ko can wajen hammata.

Har ila yau, mafi yawan matanmu da aka cire wa mama ba a yi masu wannan gini ba, saboda tsadarsa da ƙarancin ƙwararrunsa da kuma makara wajen zuwa asibiti. Darasin nan ya shafe su kamar yadda ya shafi waɗanda aka yi wa.

Na'urori uku masu leƙa cikin mama

1. Mamogiram. Wannan hoton eksire ne na musamman. Bajamushe Wilhelm Röntgen ne ya gano hasken eksire a 1895, a 1913 kuma wani likitan Berlin, Albert Salomon, ya ɗauki hotunan mamayen da aka cire a tiyata, ya nuna ana iya bambance ƙari da lafiyayyen nama. A yau ana matse mama tsakanin faifai biyu na 'yan daƙiƙoƙi, a ɗauki hoto ɗaya daga sama, ɗaya daga gefe a karkace. Kitse yana barin haske ya ratsa, sai ya fito baƙi-baƙi. Naman nono da ƙari suna tare hasken, sai su fito fari. Babbar fa'idarsa ita ce yana nuna ɗige-ɗigen kalsiyam ƙanana kamar ƙwayar yashi, waɗanda kan zama alamar sankara tun kafin hannu ya ji komai. Rauninsa kuwa shi ne mama mai cunkushen nama, irin na mata masu ƙuruciya, inda neman ƙari ke zama kamar neman farin wake a cikin tulin auduga. Hasken da ke shiga jiki a gwaji ɗaya kaɗan ne, bai wuce kwatankwacin abin da mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama a cikin mako bakwai ba.

2. Sikanin. Ita ce na'urar da mata masu juna biyu suka saba da ita wajen awo. Tana aiki irin na jemage: tana aika sautin da ya fi ƙarfin jin kunnen ɗan Adam, ta saurari amsa-kuwwarsa, kwamfuta ta mayar da shi hoto. Likita Ian Donald na birnin Glasgow ne ya buga fitaccen aikinsa a kanta a 1958. Ba ta amfani da hasken eksire, ta fi sauran araha, kuma ita ce gwana wajen bambance jakar ruwa da daskararren ƙulli. Da taimakonta ne likita ke saita allura idan zai ɗebo ɗan nama don gwaji.

3. Hoton maganaɗisu, wanda ake kira Em-ar-ai. Ana kwantar da mace rubda-ciki a cikin wani ƙaton maganaɗisu, a aika igiyoyin rediyo su motsa sinadarin haidirojin da ke cikin ruwa da kitsen jiki. Idan sankara ake nema, akan yi allurar wani ruwa mai suna gadoliniyam, wanda ke saurin taruwa a cikin ƙari saboda yawan sababbin jijiyoyin jininsa. Lauterbur da Mansfield sun sami kyautar Nobel a 2003 saboda wannan fasaha. Ta fi sauran gani, amma tana da tsada, kuma sau da yawa takan nuna abin da daga baya ake tarar ba komai ba ne.

Ɗalibai su riƙe wannan ƙa'ida: hoto zato yake bayarwa, gwajin nama a ƙarƙashin madubin likita shi ke yanke hukunci.

Wace na'ura ga wace tiyata?

Na ɗaya, matar da aka cire wa ƙarin kaɗai aka bar mata mamanta, ko da an gyara masa sura. Tunda naman nono yana nan, ana yi mata mamogiram na duka biyun sau ɗaya a shekara. Na farko akan jinkirta shi har a sami aƙalla wata shida bayan gama gashi, domin kumburi ya saɓe. Wannan hoto na farko shi ne ma'aunin da za a riƙa gwada na baya da shi, domin tabo yakan tsaya yadda yake ko ya ragu, ƙari kuwa girma yake yi.

Na biyu, matar da aka cire wa mama aka dasa mata jaka. Ba a saba yi wa wannan ɓangare mamogiram na shekara-shekara ba, domin babu isasshen naman da za a ɗauka. Idan cutar za ta dawo, galibi a fata ko dab da ƙarƙashin fata take fitowa, inda yatsu ke iya jin ta. Ita kanta jakar tana buƙatar kulawa. Ta ruwan gishiri idan ta fashe nan da nan ake gani, domin maman yakan saɓe. Ta silikon kuwa tana iya fashewa shiru, shi ya sa a 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a duba ta da sikanin ko hoton maganaɗisu bayan shekara 5 zuwa 6, sa'an nan kowace shekara 2 zuwa 3. Idan kuma maman ya kumbura da ruwa bayan an daɗe da yin aikin, a gaggauta zuwa asibiti, domin akwai wata sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki, wadda ba kasafai ake samunta ba, da aka danganta da jakunkuna masu kaushin baya.

Na uku, matar da aka gina wa mama da naman jikinta. A nan akwai abin da kan tayar da hankali ba gaira ba dalili. Wani ɓangare na kitsen da aka ɗauko yakan rasa isasshen jini ya mutu, ya daskare ya zama ƙulli mai tauri, wanda a hannu yake kama da sankara. Mamogiram da sikanin sukan gane shi, domin yakan fito kamar 'yar jakar mai da kalsiyam ya zagaye. Idan aka yi kokwanto sai a ɗebi nama. Masana ba su haɗu a kan cewa lallai a riƙa ɗaukar hoton irin wannan mama kowace shekara ba, amma sun haɗu a kan cewa duk ƙullin da aka ji sai an bincike shi. Kada mace ta yanke wa kanta hukunci cewa kitse ne, kada kuma ta firgita cewa cutar ce ta dawo.

Na huɗu, matar da aka cire wa mama ba a gina mata wani ba. Ana duba tabon da fatar ƙirji da hammata da ramin wuya da ido da hannu, a yi sikanin idan an ji wani abu.

A duk waɗannan, ɗaya maman da ya rage yana buƙatar mamogiram kowace shekara, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Matar da ta taɓa yin sankara a ɓangare guda ta fi sauran mata haɗarin samun sabuwa a ɗayan. Idan an sa wa lafiyayyen maman jaka domin ya yi daidai da wanda aka gina, a gaya wa mai ɗaukar hoto tun da farko. Silikon yana tare hasken eksire, don haka akwai dabarar da likita Eklund ya bayyana a 1988, ta tura jakar baya a jawo naman gaba a ƙara wasu hotuna.

Matan da suka gaji lahani a ƙwayoyin gado da ake kira BRCA1 da BRCA2, da waɗanda cutar ta kama da ƙuruciya, akan ƙara masu hoton maganaɗisu. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka yi a kan matan Ibadan, wanda aka buga a 2018, ya nuna kusan ɗaya cikin takwas na masu cutar gadon irin wannan lahani suka yi. Saboda haka yana da kyau 'ya'ya mata da 'yan'uwan mai jinya su sanar da likita tarihin gidansu.

Jadawalin komawa asibiti

Tsarin da ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka ta shimfiɗa, wanda asibitoci da dama ke bi, shi ne likita ya duba mace da hannu kowane wata 3 zuwa 6 a shekaru uku na farko, kowane wata 6 zuwa 12 a shekara ta huɗu da ta biyar, daga nan sau ɗaya a shekara. Wadda aka ɗora a kan ƙwayar tamoksifen ko makamanciyarta takan sha ta shekara 5 zuwa 10, kuma bai kamata ta daina ba tare da sanin likita ba.

Wani abin kwantar da hankali ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne, ba a buƙatar tarin gwaje-gwaje masu tsada ga macen da ba ta jin komai. Bincike biyu da aka yi a Italiya aka buga a 1994 sun gwada matan da ake yawan yi wa hoton ƙashi da na ƙirji da waɗanda ake dubawa da hannu da mamogiram kawai, aka tarar tsawon rayuwarsu bai bambanta ba.

Ga alamomin da ba a jiran ranar da aka rubuta idan sun bayyana: sabon ƙulli a tabo, ko a hammata, ko a ramin wuya, ja ko kaurin fata, ko gyambon da ya ƙi warkewa, jini daga kan mama, ciwon ƙashi ko na baya da ya ƙi tafiya, tari ko haki mai naci, rama ba dalili, shawara, matsanancin ciwon kai, kumburin hannu, da zubar jini daga mahaifa ga mai shan tamoksifen.

Daga Kusada zuwa ɗakin hoto

Kankiya tana kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, kuma wannan sa'a ce. Duba da hannu ana iya yin sa a Babban Asibitin Kankiya, daga nan a karɓi takardar turawa gaba. A Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, inda aka buɗe sabuwar cibiyar kula da masu sankara a 2025. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Hikima ce a buga waya a tabbatar da ranar ganin likita kafin a kashe kuɗin mota, a kuma riƙa ware ɗan wani abu bayan girbi domin hoton shekara.

Sakamakon hoto yakan zo da lamba daga 0 zuwa 6. Lamba 0 tana nufin a ƙara wani hoto; 1 da 2 babu abin damuwa; 3 a sake dubawa bayan wata shida; 4 da 5 a ɗebi nama; 6 kuwa sankara ce da aka riga aka tabbatar. Ɗalibin da ya san wannan zai iya hana gidansu firgita a kan lamba 2, ya kuma hana su yin sakaci da lamba 4.

Ga abin da kowane ɗalibi zai iya yi. Ya samo jakar leda mai kauri ya tattara takardar tiyata, da sakamakon gwajin nama, da katin jakar da aka dasa in akwai, da duk tsofaffin hotuna, ya ajiye inda gara da ruwan damina ba za su kai ba, ya kuma ɗauki hotonsu a waya. Likitan hoto da bai ga na bara ba, da wuya ya tabbatar ko abin da yake gani bana sabo ne. Ya rubuta ranar komawa a kalanda ya riƙa tunatarwa. 'Yan mata kuma su ƙarfafa wa iyaye mata gwiwa su riƙa shafa tabon da ɗaya maman sau ɗaya a wata, domin su san yadda jikinsu ya saba kasancewa. Kunya ado ce, amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma mace tana da damar neman ma'aikaciya mace ta duba ta. Ɗaliban Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya, waɗanda gobe su ne za su riƙe ɗakunan shan magani na karkara, su saba tambayar duk matar da suka ga tabo a ƙirjinta yaushe rabonta da mamogiram.

Kammalawa

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin rage mace-macen sankarar mama da kashi 2.5 cikin ɗari kowace shekara, ta hanyar gano cutar da wuri, da tabbatar da ita cikin kwana 60, da kai jinya har ƙarshe. Komawa asibiti bayan tiyata yana cikin wannan jinya. Amsar da zan ba ɗalibata ke nan: innarki ta riƙa zuwa likita ya duba maman da aka gina da hannu, ta yi mamogiram na ɗayan kowace shekara, ta kai duk sabon ƙulli asibiti ba tare da ɓata lokaci ba, ke kuma ki riƙe mata takardu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Tambayoyi domin aji

1. Me ya sa kitse ke fitowa baƙi, ƙari kuma fari a mamogiram?
2. Kawo bambanci biyu tsakanin sikanin da hoton maganaɗisu.
3. Me ya sa yatsu ke da muhimmanci wajen duba maman da aka gina?
4. Wata mata ta kawo maka sakamako mai lamba 3. Wane bayani za ka yi mata?
5. Ta wace fuska wuta-wuta ta yi kama da sankara, ta wace fuska kuma suka bambanta?